HBO, Showtime ko Starz: wanne ya kamata ka sa wa kudinka a Amurka?

Yan uwa da suka zo Amurka karatu ko aiki, da zarar an jona intanet a gida sai kamfanin kebul ya fara lallashi, wai a kara HBO a kai, a kara Starz, watan farko da rangwame. Kafin ka ce toh ya kamata ka san irin kasuwancin da tashoshin nan suke yi, domin duk ribarsu tana kan kudin da ake cira a katinka duk wata ko ka kalla ko baka kalla ba, kuma mutanenmu da yawa suna biyan guda uku alhali daya ma basu gama kallonta ba.

HBO ce uwa a harkar. Cikakken sunanta Home Box Office, ta fara aiki ranar 8 ga Nuwamba 1972 a wani gari da ake kira Wilkes-Barre a jihar Pennsylvania, da gidaje 365 kacal. Charles Dolan ne ya kirkiro ta, kamfanin Time ya zuba kudi. A lokacin talabijin a Amurka kyauta ce ana cin riba da talla, su kuma suka ce a'a, ka biya mu duk wata mu baka fim ba yanka ba talla. Abin bai kankama ba sai 1975 da suka hau tauraron dan adam suka nuno damben Muhammad Ali da Joe Frazier kai tsaye daga Manila, daga nan kamfanonin kebul na sauran jihohi suka fara rububin daukarta. Da fina-finai suka fara samuwa a kaset mutane suna haya, sai HBO ta ga dole ta rika yin nata abin da ba za ka samu a wani waje ba, shi ya sa ta zuba kudi a fina-finai masu dogon zango, irin su The Sopranos a 1999 da Game of Thrones daga 2011 zuwa 2019, wanda da yawanmu a DStv muka fara ganinsa tun muna gida.

Toh ta bangaren inganci gaskiya har yau babu kamarta a cikin ukun nan, labari a tsare, yan wasa kwararru, ga fina-finan Warner Bros da suke sauka can bayan sun gama zagayen silima. Amma ita ce tafi tsada, kuma sunan manhajarta kadai ya isa ya rikita mutum, HBO Max ce a 2020, aka mayar da ita Max a 2023, aka sake dawo da HBO Max a watan Yulin 2025. Duk abu daya ne, kada wani ya sayar maka da shi sau biyu. Wannan yawan canjin ya biyo bayan canjin masu gida ne, kamfanin waya na AT&T ya saye Time Warner, uwar gidan HBO, a 2018 kan dala biliyan 85, bai jima ba ya sake shi aka hade da kamfanin Discovery a 2022. Kuma tun 2021 akwai tsari mai rahusa da ake saka talla a ciki, idan talla tana bata maka rai duba da kyau wanne ka danna.

Ga abin da nafi so iyaye su ji. Dokar da ta hana tashoshin kyauta irin su CBS da NBC nuna tsiraici da ashar a lokacin da yara suke ido biyu bata hau kan tashoshin biya ba, kuma wannan yancin yana cikin abin da suka gina kasuwarsu a kai tun farko. Wallahi ana zaune a falo da iyali ana kallon labarin sarauta da yaki sai kawai a wurgo maka abin da za ka rasa inda za ka sa idonka, rimot yana can karkashin kujera. HBO, Showtime, Starz duk haka suke, babu mai dama-dama. Idan akwai yara a gidan, ranar da ka biya ranar za ka bude musu bangarensu daban ka kulle naka da lambar sirri, kuma duk abin da ka ga an rubuta TV-MA a kansa na manya ne zalla.

Showtime kuma kamfanin Viacom ne ya kafa ta a 1976, ta dade tana goga kafada da HBO musamman a dambe. Amma wannan zamanin ya wuce, HBO ta daina dambe a 2018, Showtime ta rufe sashen wasanninta a karshen 2023. Yanzu ma bata tsaye da kafarta, an narkar da ita cikin manhajar kallo ta Paramount+, sai ka dauki tsari mai tsadar sannan za ka samu shirye-shiryenta. Sababbin abubuwan da take fitarwa sun ragu sosai in aka kwatanta da zamanin shirinta na Homeland, ni ba zan ce ka biya domin ita kadai ba. Abin da yake jan mutanenmu can shi ne kwallo, domin a Amurka gasar zakarun Turai a Paramount+ ake nuna ta da Turanci, ga katun din Nickelodeon na yara. Sai dai a lura, firimiyar Ingila ba a nan take ba, tana hannun NBC da manhajarta Peacock, kar dan Arsenal ya biya ya zo yana zagin mutane ranar Asabar.

Starz ce karamarsu, 1994 ta fara, daga gidan John Malone mai harkar kebul. Kamfanin fim na Lionsgate ya saye ta a 2016 kan dala biliyan 4.4, suka rabu a 2025. Da can sababbin fina-finan Disney da na Sony ita ke fara samu, duk sun kubuce mata, yanzu karfinta yana kan shirinta mai suna Power da rassansa, ta fi mayar da hankali kan bakaken Amurka da mata. Tafi tsarin sauran marasa talla arha kuma kusan kullum tana cikin rangwame, amma kayan ba yawa, wata biyu ya ishe ka ka share abin da kake so.

Sai maganar ta ina za ka biya, wanda a nan ne kudi yake zurarewa. Za ka iya karawa a kan kudin kebul, ko ka biya kai tsaye a manhaja, ko ta cikin Prime Video na Amazon. Na kebul shi ne mai wahalar fita, sai ka kira waya su yi ta maka dadin baki, kuma rangwamen watannin farko yana karewa shiru farashi ya hau ba sanarwar kirki. Na manhaja da kanka kake sokewa cikin minti biyu. Kafin komai ma duba takardar kudin kebul dinka ko na waya, wasu tsare-tsaren sun riga sun hada da daya daga cikinsu mutum bai sani ba ya je ya kara biya. Akwai kuma hadin HBO Max da Disney+ da Hulu da aka fito da shi a 2024, ga gida mai yara da manya yafi sayensu daidai arha. Mai shirin zuwa gida hutu ya tuna izinin nuna fim kasa-kasa ake sayar da shi, ba lallai abin da ka biya a Houston ya bude maka a Kano ko Maradi ba.

In ni ce mai ba da shawara, gidan da ake son kwallo kuma akwai yara ya dauki Paramount+ karamin tsari, ba sai an hada da Showtime ba. Magidanci ko dalibi mai son labari mai nauyi ya dauki HBO Max, amma na wata-wata, ya jira shirin da yake bi ya kammala fitowa ya biya wata daya ya kalle ya soke. Starz a jira rangwame. Na shekara kuma kar ka taba shi sai ka yi wata uku kana biya ka tabbatar ana kunnawa a gidan, kuma ranar da ka shiga gwajin kyauta ka sa kararrawa a wayarka kwana daya kafin ya kare, domin washegari za su ciri kudin.