Akwatin wufa da aka auna kafin a yanka katako

Wata huɗu ke nan da na karɓo motata daga shagon wani mai haɗa sautin mota a Sabon Gari, nan Kano, sai yanzu na zauna rubuta abin da na gani. Da gangan na jinkirta. Na so zafin bazara ya gasa akwatin, ramukan hanya su jijjiga shi, ruwan farkon damina ya taɓa but ɗin, sannan in buɗe baki.

Atamfa da shadda nake sarowa a Kantin Kwari ina kai wa abokan ciniki Zariya da Kaduna, sau biyu a mako, a cikin Corolla ƙirar 2008. Wanda ke kwashe awanni shi kaɗai a bayan sitiyari ya san darajar abin saurare. Da asuba karatu nake sawa, da hantsi labarai, in rana ta take kuma gyangyaɗi ya fara zuwa sai in koma kiɗa, galibi na gargajiya mai kalangu da ganga, wani lokaci waƙoƙin zamani na situdiyo. Wannan ne ya sa bara na sayi wufa, wato babbar lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ta Pioneer mai inci 12, samfurin TS-W311D4, tare da wani amfilifaya na hannu, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Wanda ya sayar min ya haɗa min da akwati haɗaɗɗe, an lulluɓe shi da baƙin kafet, da huji a gefe an cusa guntun bututun roba. A ido ba shi da laifi.

A kunne ne matsalar take. Kowace waƙa na saka, ƙasanta ɗaya ne: dum, dum, dum, kamar ana dukan fanko. Mai kalangu zai matse tsarkiya da hammata ya ɗaga murya ya sauke, amma duk wannan ya nutse a ƙarƙashin rugugi guda da ba ya canzawa. In mai karanta labarai namiji ne mai kaurin murya, sai ka ji kamar daga cikin randa yake magana. Lambar mota ta baya tana karkarwa, bututun yana fitar da iska fuf-fuf, fitilun gaba suna lumshewa da dare duk lokacin da ganga ta buga. Uwargida ta daina shiga motar sai na kashe wufar. Wata takwas ina zargin lasifikar, har na yi niyyar sayar da ita.

Mai rewayar da ke duba min mota ne ya hana ni, ya kwatanta min wannan shago. Ɗan ƙarami ne, rumfar kwano a gaba, benci ɗaya, ƙurar katako ko'ina. Maigidan shagon dattijo ne mai ɗan furfura a gemu, da yara biyu masu koyon aiki. Abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne bai tambaye ni nawa na zo da shi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, me kake saurare?" Na gaya masa. Ya shiga motar ya zauna a kujerar direba, ya saurari waƙa biyu, ya fito ya ce wa yaro ya kwance wufar daga akwatin.

Da aka buɗe na ga abin da nake ɗauke da shi. Katakon filawud ne siriri, da ƙusoshi aka haɗa shi, babu gam a mahaɗa, in ka leƙa ciki kana hango haske ta kusurwa. Ya sa tef ya auna ciki, ya auna faɗi da tsawon bututun, ya buga lissafi a wata tsohuwar kwamfutar cinya, ya ce akwatin yana amsawa ne a wajen Hz 55. Na ce, "Malam, yi min da Hausa." Sai ya ɗauki kwalbar lemo da ba kome a ciki ya hura bakinta, ta yi wannan ƙarar da kowa ya sani tun yana yaro. Ya ce akwati mai huji kwalba ce. Girman cikinsa da tsawon bututunsa su ke yanke muryar da zai fi ƙarfafawa. Hz ma'aunin murya ne, in lambar ta yi ƙasa muryar ta yi kauri; in an daidaita akwatin ƙasa, wajen Hz 32 zuwa 35, zai ba da sauti mai zurfi mai ƙarfi. In bututun ya yi gajere, muryar ta hau sama, shi ne wannan dum ɗin da ke cinye kome. Ƙari a kan haka, duk sautin da ya sauka ƙasa da wannan murya, akwatin ba ya riƙe lasifikar, sai faifanta ya yi ta kai da kawowa a banza kamar babu akwati, a haka ake yaga wufa.

A nan na tsaya na daɗe, domin ban taɓa sanin cewa ana lissafa akwati ba. Ashe kowace lasifika tana da lambobinta da kamfani ke bugawa a takardarta. Uku dattijon ya fi dubawa: Fs, wato muryar da faifan ke karkarwa da kansa in ba ya cikin akwati, Vas, wanda ke nuna laushin faifan da ma'aunin lita, da Qts, wato yadda yake saurin tsayawa bayan an buga shi. Ana kiran su lambobin Thiele da Small, sunan injiniyoyi biyu ne: Neville Thiele na Ostireliya wanda ya wallafa lissafinsa a 1961, da Richard Small wanda ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 a Jami'ar Sidni. Fiye da shekara hamsin ilimin yana nan a fili, manhajar da dattijon ke amfani da ita, WinISD, kyauta ce ma, amma akwatunan da ke jibge a kasuwa yawancinsu da ido aka yanka su. Wannan yana ɓata min rai ƙwarai, saboda mutum ya tara kuɗinsa ya sayi lasifika mai kyau, sai a saka ta a akwatin da zai lalata muryarta, shi kuma ya koma yana zagin kayan.

Ya ba ni zaɓi biyu, bai ɓoye min kome ba. Mai huji da aka lissafa daidai zai fi ƙara, amma zai ci wajen lita 55 ko fiye. Rufaffe kuwa, wanda iska ba ta shiga ba ta fita, lita 35 ta ishe shi. Ƙararsa ba ta kai ta wancan ba, sai dai iskar da ke kulle a ciki tana riƙe faifan kamar sifirin, ya buga ya tsaya nan take. Na nuna damuwa cewa kada zurfin ya ɓace. Ya ce rufaffen akwati a hankali yake sauka, ƙarfin ƙararsa na raguwa da desibel 12 duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi, mai huji kuwa 24 yake faɗuwa da zarar an wuce ƙasan muryarsa. Sannan cikin mota ƙaramin ɗaki ne rufaffe, shi da kansa yana ɗaga sautin ƙasa-ƙasa, yana mayar da abin da akwatin ya rage. Ya ƙara da cewa, "Kai da kake ɗaukar dila a but, kuma kalangu kake son ji, rufaffe ne naka. Da yaro ne mai son a ji shi daga ƙarshen layi, da na ce masa mai huji." Na yarda.

Katakon MDF, wato na garin katako da aka danne da gam, mai kaurin milimita 18 ya sa aka sayo daga 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ciki ya yanka faɗi santimita 40, tsayi 35, zurfi 28, wanda ya ba da lita 39 da ɗoriya. Da aka cire gurbin da bayan lasifikar da katakon tokare za su ci, aka dawo 35. Fuskar gaba ya ninka ta biyu. Kowace mahaɗa gam ce da sukuru, sannan aka bi ciki da silikon, aka bar shi kwana biyu ya bushe kafin a saka wufar. Aka zuba audugar roba irin ta matashin kai, ba a danƙare ba. Da ya gama ya sa tafin hannu ya danna faifan a hankali ya saki, na ga yana dawowa sannu-sannu. Ya ce alamar babu inda iska ke zurarewa ke nan. Wani abu da ban tambaya ba shi ya yi da kansa: ya shafe wajen akwatin da fenti kafin kafet, saboda MDF in ya sha ruwa kumbura yake yi ya ruguje, robar but ɗin tsohuwar mota kuwa ba a ba ta amana da damina.

Wayoyi ma sai da aka sake su duka. Ya kankare tsohuwar wayar wuta da wuƙa, jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Babu fiyus ko ɗaya tsakanin batir da but, waya mai ɗauke da wuta tana bi ta ƙarƙashin kafet tsirara daga kariya, da ta goge ta taɓa jikin mota da sai dai a kira 'yan kwana-kwana. Ya sa ta jan ƙarfe zalla mai kaurin lamba 8, da fiyus kusa da kan batir, ya kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin ya ɗaure wayar ƙasa. Wufar tana da naɗin waya biyu, kowanne om 4 (ma'aunin tirjiyar da waya ke yi wa wuta), ya haɗa su kai da kai suka koma om 2.

Gaskiyar mutumin ta fi fitowa a kan amfilifaya. A jikinsa an rubuta wat 3000 da manyan haruffa. Ya zaro fiyus ɗinsa ya nuna min, amfiya 30. Ya ce in ninka da bolt 14 da mota ke bayarwa in inji na aiki: 420. Abin da ke shiga ke nan gaba ɗaya, wani kaso kuma zafi yake zama, saboda haka abin da ke isa lasifika bai fi ɗari uku da 'yan kai ba. Na ɗauka zai ce in sayi sabo, ga su nan a kan kantarsa. Sai ya ce in bar shi. Lambar da ake dubawa a wufa ita ce ta ƙarfin da take ɗauka a kai a kai, wadda ake rubutawa RMS, tawa 400 ce. 1400 da ke jikin kwali ta bugu ɗaya ce na ɗan lokaci. Ɗari uku mai tsabta ta ishe ta. Ya saita matatar sauti ta amfilifayan a Hz 80 don kada muryar mutum ta shiga wufar, ya rage makunnin gen, mai daidaita sautin da ke shiga amfilifaya, wanda na murɗe har ƙarshe ina zaton na ƙara ne, ya juya fuskar akwatin ta kalli murfin but, ya gwada makunnin juya bugu tsakanin 0 da 180 har ya sami inda sautin ya haɗu da na ƙofofin gaba. Lambar mota kuwa guntun soso ya saka a bayanta, ta yi shiru.

Ranar da na fara hawa hanya da shi, ban wuce Kwanar Dangora ba na gane an canza min mota. Ganga tana bugawa ta tsaya, a bar wa kalangu fili ya yi maganarsa, ina jin hawa da saukarsa ɗaya bayan ɗaya. A waƙoƙin situdiyo na fara rarrabe jita mai kauri da bugun ganga, abin da a da dunƙule yake. Wata tsohuwar ɗaukar tambari da nake da ita a waya, na bikin Sallah, yanzu nauyinsa a ƙirji nake jinsa ba tare da kunne ya gaji ba. Abin mamaki, sautin kamar daga dashbod yake fitowa alhali akwatin yana baya. Mai labarai ya fito daga randa. Fitilu sun daina lumshewa. Ƙarar dai ta ragu a kan ta da, wannan gaskiya ce, wanda ke tsaye a waje da ƙyar zai san akwai wufa a motar. Ni hakan ya fi min, ba na son in wuce ta gaban masallaci ko asibiti ina girgiza tagogin mutane.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. An ce min kwana huɗu, sai da aka yi tara, rashin wutar lantarki ya cinye wasu, sauran kuma aiki ne ya yi masa yawa bai faɗa min tun farko ba. Tafiya biyu na yi a motar haya saboda haka. Wurin zama babu, ƙurar MDF kuma tana shaƙe mutum, yaran suna yanka ba tare da sun rufe hanci ba, na yi masa magana a kan wannan. Gam ɗin kafet bai jure zafin Afrilu ba, kusurwa ɗaya ta ɗago; na mayar, ya manne ta bai karɓi ko sisi ba. Sannan ba a ɗaure akwatin ba da farko, birki ɗaya mai ƙarfi a Tashar Yari ya turo shi ya daki bayan kujera. Yanzu an sa masa ƙarfe biyu masu kunce-kunce, don in iya ɗaga shi in taya ta yi faci.

Katako, waya, fiyus, kafet da ladan aiki, duka naira dubu 78 na biya, kusan ninki uku na kuɗin tsohon akwatin. Ban yi ciniki sosai ba bayan na ga yawan aikin. Wanda ke neman abin da zai tayar da unguwa, ya gaya masa tun farko, yana yin mai huji, na ga ɗaya da yake haɗa wa wata Honda da dogon bututu na katako a naɗe a ciki. Wanda kuma zai je, ya tafi da takardar lasifikarsa ko aƙalla lambar samfurinta, domin ba ya yanka katako sai ya ga lambobin, ya kuma tafi da waƙoƙin da ya fi saurare a waya. Makon jiya ruwa ya shiga but ɗin a hanyar dawowa daga Kaduna, kafet ya jiƙe, na goge na bar shi a buɗe ya sha iska. Katakon bai kumbura ba.