Kafin ka biya lisans: wace lojisiyel ke gyara sauti da gaske wajen montaj?

Ƴan uwa masu montaj na nan Tawa, duk mai tambayata wace lojisiyel zai saka hoto yake nufi, kala da tiranzisiyo da rubutu mai yawo. Ni kuwa ta wajen sauti nike son ka fara dubawa, don mai biki zai yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma in ya buɗe bidiyon ɗaurin aure ya ji ƙarar grup ta danne addu'ar liman to ba zai sake kiranka ba, kuma sai ya faɗa ma dangi kaf.

Ƙarar da ke damunmu ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ba ta canzawa, ta grup da vantilater da gurnanin nan na kuran da ke shiga ta waya, wannan ita ta fi sauƙin fita. Akwai mai zuwa ta wuce, kabu-kabu, kukan yaro, iskar hunturu in ta bugi mikro, wannan sai kayan zamani masu ware murya. Sannan akwai sautin da ya fashe tun wurin ɗauka don ka tsaya gindin bafal, shi kam kada kowa ya yaudare ka, ana ɗan lallaɓa shi amma ba ya komowa daidai ko nawa ka biya.

CapCut shi ne a hannun kowa, na kamfanin ByteDance ne masu TikTok, yana tafiya a portabul da ordinater. Yanke sauti, raba shi da hoto, sa kiɗa ya shigo a hankali ya fita a hankali, ɗaga murya nan a sauke ta can, duk yana yi ba wahala. Inda ya gaza shi ne ba ka da iko sosai, maɓallin rage ƙara ka danna ne kawai ya yi abin da ya ga dama, kuma abubuwa masu kyau da yawa sun koma Pro, abin da ka saba da shi kyauta sai ka yi mizajur ka tarar an sa mishi kuɗɗi. Mai yin ƴan bidiyon talla na shago ko na status ya ishe shi. KineMaster da Filmora ma sahunsu ɗaya, sai dai na kyauta suna manna tambarinsu bisa aikinka.

Wanda nike ba shawara da zuciya ɗaya, in mashin ɗinka zai ɗauka, DaVinci Resolve ne. Kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ya sayi Fairlight a 2016, masu kayan situdiyon sauti ne tun da daɗewa, a 2017 suka zuba shi cikin Resolve 14, yanzu shafi ne guda na sauti zalla kuma yana cikin na kyauta, babu tambari babu wa'adi. Ga yadda aikin yake: ka ɗora hirar wani dattijo da aka ɗauka a zaure, ka buɗe ikwalaiza, abin rage ko ƙara kauri da sirantar sauti, ka datse duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, wato sauti mai kauri sosai, nan take za ka ji wani nauyi ya sauka daga kunnenka alhali muryar ba ta taɓu ba. In akwai gurnanin kuran sai ka sa De-Hummer, abin cire wannan gurnani, ka zaɓi 50 Hz, don kuran ɗinmu na Nijar 50 ne, 60 na Amurka ne, yara da yawa suna bin bidiyon koyarwa na can su sa 60 su ce abin ba ya aiki. Sannan kwamfaresa, shi ke matso da maganar da ta yi ƙasa kusa da wadda ta yi sama, malami mai wa'azi da ke rage murya ya kuma ɗaga ta ba zato sai da shi. Duk wannan ko dala ba ka biya ba. Abin ware murya daga hayaniya kuwa yana cikin Studio, Resolve ɗin da ake saye sau ɗaya dalar Amurka 295, ya haura jikka 150 da kuɗɗinmu, amma ba abonema ba ne, ka biya ka huta.

Matsalarshi nauyi. RAM 16 giga yake so da kartar girafik ta kirki, waɗannan ordinater na okaziyo masu giga 4 da ake kawowa daga Yamai ko Kwanni kada ma ka wahalar da kanka da saukar da shi, fayil ɗin kanshi giga ne ba mega ba, forfe ɗinka zai ƙare a banza. Kuma sai ka zauna ka koya, ba abin kwana ɗaya ba ne.

Premiere Pro na Adobe shi mafi yawan masu aiki da telebijin da ƙungiyoyi suka saba da shi, in kana karɓar aiki daga wajensu ana musayar furoje to akwai dalilin zama kanshi. Yana da wuri guda da za ka ce mishi wannan magana ce wannan kiɗa ne, sai ya riƙa sauke kiɗan da kanshi duk sanda mutum ya buɗe baki, a 2024 kuma suka ƙara abin gyara murya mai ƙarfi. Amma tun 2013 Adobe ba su sayarwa, haya ce, sama da dalar Amurka 20 duk wata kuma sai da kartar banki mai biya ta intanet, ko ka samu aiki watan ko ba ka samu ba. Na san mi ake yi, kirak, wato kwafin sata, ake sawa a kile, ni dai ba na ba da shawararshi, ranar da ya rufe tsakiyar aikin mutane ko ya shigo maka da birus ba ka da wanda za ka kama. Final Cut kuwa sai mai Mac, mu wuce.

To mai ƙaramin mashin fa? Audacity. Kyauta ne tun shekarar 2000, ba shi da nauyi, ba ya taɓa hoto sam, sauti ne kawai aikinshi. Ka fitar da sautin daga bidiyo, ka nemo daƙiƙa biyu inda ba mai magana sai ƙarar vantilater, ka nuna mishi wannan ita ce ƙarar, sai ya bi duk fayil ɗin ya rage ta, ka maida cikin CapCut ko Shotcut, wata lojisiyel ta montaj. Hanyar ta fi tsawo amma wallahi sakamakon ya fi na maɓalli guda. Don haka duk inda ka je ɗauka ka roƙi mutane su ɗan yi shiru ka naɗi ƙarar wurin ita kaɗai. Ka kuma fitar a 48 kHz, shi ne na bidiyo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake danna kayan ware muryar nan har ƙarshe. Su fa magana aka koya musu, duk abin da ba magana ba ƙara ce wajensu, ka sa ma bidiyon kokowa ko na makaɗi sai kalangu ya ɓace, guɗar mata ta tsinke, kirari ya fito kamar daga cikin gwangwani, ka kashe abin da mutane suka zo ji. A hira ka sa rabi ko ƙasa da haka, a kiɗan gargajiya kada ka sa ko kaɗan, ikwalaiza ta isa. A ma'aunin ƙarfin sauti na lojisiyel, murya ka bar ta tana wasa tsakanin -12 da -6 dB, kada ta taɓa ja, kiɗan baya ya sauka wajen -20 ko ƙasa. Ɗaga sauti har ya ƙure ba ya ƙara komi, YouTube ma saukar da shi yake wajen -14 LUFS, wani ma'aunin ƙarfin sauti.

In jikka ashirin ko talatin ce a hannunka, ni mikro na maƙalawa a wuyan riga zan ce ka saya, mai ɗan gashin nan na tare iska, da kask mai rufe kunne, lisans ya jira. Kafin ka tsaya kan lojisiyel ɗaya kuma, ɗauko minti guda daga bidiyon da ya fi ba ka wuya, ka gyara shi a biyu ko ukku cikinsu, ka tura ma kanka ta WhatsApp ka saurara da bakin portabul a waje inda ake hayaniya, don a haka mai aikin zai ji shi.