Gargaɗi ga masu a-kori-kura: ana sace na'urar auna iska a wajen canjin taya

A watan jiya ƙanena ya kai motarsa Toyota Tundra, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano, wani shagon sayar da taya domin a sa mata sababbi guda huɗu. Ya bar motar ya tafi sallar Azahar, ya dawo ya tarar an gama, ya biya. Bai yi nisa ba wata fitila ruwan ɗorawa ta fara ƙiftawa a allon gaban direba, ta yi kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya a kunne. Da ya koma, mai shagon ya ce masa: "Alhaji, sensocinka ne suka mutu, amma ina da sababbi." Sai da na durƙusa a gaban tayar na ga cewa bawul ɗin ƙarfe mai noti da na san motar da shi ya ɓace, an maye gurbinsa da na roba a duka ƙafafun huɗu.

Wannan na'ura da mai shagon ya kira senso, wadda ake kira TPMS, tana maƙale ne da gindin bawul a cikin rim, kuma aikinta shi ne ta aika wa kwamfutar mota yawan iskar da ke cikin taya. Amurka ta kafa dokarta a shekarar 2000, bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer da suka ci rayuka, kuma daga Satumban 2007 ta zama wajibi a kan sababbin ƙananan motoci da a-kori-kura. Fitilar tana kamawa idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Idan ta kama ta tsaya kai tsaye, iska ce ta yi ƙasa. Idan kuwa ta fara da ƙiftawa, kwamfutar ce ta daina jin na'urar.

Masu wannan damfara sun dogara ne da cewa abin yana ɓoye a cikin taya. Suna cire na asali su ajiye, sa'annan su sayar wa mai motar da na gwanjo a cikin sabon kwali. Batirin na'urar a liƙe yake, ba a canza shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10, don haka wadda aka ciro daga tsohuwar mota tana iya mutuwa bayan 'yan watanni. Wani lokaci ma ba za ta yi aiki ba tun farko, domin yawancin motocin Amurka suna amfani da zangon rediyo na megahaz 315 ne, na Turai kuma 433, kuma a motocin Toyota irin wannan sai an shigar da lambar kowace na'ura cikin kwamfutar mota kafin ta gane ta. Wanda ya ce maka ɗaurawa kawai ta isa, ko dai bai san aikin ba ko yana son kuɗinka ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tayin da aka yi wa ƙanena daga ƙarshe, cewa a kashe fitilar gaba ɗaya "don kada ta dame shi". Mutumin da zai ɗauko buhunan hatsi a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu, a ce an rufe masa bakin abin da zai gaya masa tayarsa tana yoyo! Taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi har ta fashe ana tsaka da gudu.

Gaskiya ne cewa mai faci na kirki ma yakan fasa na'urar da liba bisa kuskure, amma shi zai nuna maka wadda ta fashe. Saboda haka kada ka bar wajen yayin da ake aikin. Ɗauki hoton bawul ɗinka kafin a fara, ka leƙa cikin kowane rim kafin a mayar da taya, kuma duk abin da aka ce ya lalace a miƙa maka shi a hannu. Idan ka murɗa makulli, fitilar za ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. Wadda ba ta kamawa sam, ko dai an taɓa ta ko ta lalace.

Mun karɓo uku daga cikin na'urorin ƙanena bayan mun kai ƙara wajen shugaban masu facin wurin. Ta huɗun har yau ana cewa ana nemanta.