Wurin gashin ƙashin da nake zuwa tun da ɓarin jikina ya shanye

Masu zuwa duba ni sukan tambaya ko wurin gashin ƙashin da nake zuwa ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Ƙaramar cibiya ce mai zaman kanta a nan Kano, ɗakuna kaɗan da baranda. Ba zan kama suna ba, domin abin da zan bayyana shi ne abin da ya kamata a duba a duk inda za a kai marar lafiya.

Ni tela ne. Hawan jini ne ya kayar da ni. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu, shi ya sa hannu da ƙafar dama suka saki, harshe ma ya yi nauyi. Da za a sallame ni likita ya ja kunnen iyalina kada a ajiye ni a ɗaki, domin a watanni uku zuwa shida na farko jiki ya fi saurin farfaɗowa. Akwai sashen gashi a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala. Kusanci ne ya sa muka zaɓi nan, don hawa adaidaita sahu da ƙafa ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali tambayar da matashin da ke kula da ni ya yi: "Baba, me ka fi so ka koma yi da kanka?" Na ce abu uku: in kai goshina ƙasa a salla, in shiga banɗaki ba mai riƙe ni, in koma kan kekena. Ya rubuta su a katina, kuma duk atisayen da ya biyo baya a kansu aka gina shi.

Bai raina ƙananan abubuwa ba. Shi ya koya mini in fara zura hannun da ya shanye idan zan sa riga, in cire shi a ƙarshe. Sanda a hannun hagu, wato mai lafiya. Hawa matakala da ƙafa mai ƙarfi, sauka da mai rauni. Ya kuma kira maiɗakina da babban ɗana ya nuna musu yadda ake ɗaga ni, ya hana a ja ni ta hannun dama, domin kafaɗar da naman jikinta ya saki tana iya gocewa, ciwon kuma ya daɗe. Da yawa a gida da kyakkyawar niyya ake jawo wa mutum wannan.

Aikin yatsu shi ne mai cin rai. Da ya ji sana'ata sai ya ce in zo da maɓallai daga shago. Yana zuba su a faranti, in riƙa tsinta ɗaya-ɗaya ina sakawa a gwangwani. Da farko manyan maɓallan kwat ma kuɓuce mini suke yi, gumi na karyo mini kamar mai faskare. Yanzu ina ɗaukar ƙananan na gaban kaftani. Ƙafa kuwa, bayan tafiya tsakanin ƙarafan nan biyu da ake dafawa, sai ya ce in riƙa taka keken ɗinkina a gida ba zare ba yadi, idon sawu ya saba. Ranar da na ji ƙarar keken a ƙarƙashin ƙafata sai da na yi hawaye. Kuka ya yawaita mini a lokacin, wani sa'in ba dalili, kuma shi ya gaya mini hakan na samun masu wannan ciwo da yawa, in ya yi tsanani a faɗa wa likita.

Ba sa taɓa mutum sai sun auna jininsa. In ya hau sosai, babu atisaye ranar, sai a koma wurin likita. Kullum sai sun tambaya ko na sha magani, ko an rage gishiri da dunƙule a miya. Wannan ya sa na yarda da su.

To, ga ƙorafin. Banɗakinsu na tsuguno ne, ba ko ƙarfen dafawa a bango, a wurin da rabin masu zuwa ba sa iya tsugunawa! Na yi magana, an ce za a gyara, har yau shiru. Ba su da mai koyar da magana, alhali da yawanmu harshe ya taɓu. Ni da karatun Alƙur'ani a bayyane da hira da jikoki nake ta fama. Ma'aikaciya mace ɗaya ce, ranar da ba ta zo ba wasu matan komawa gida suke yi. Lokaci ma ba a cika shi, musamman ran Litinin. Sai dai zaman jiran nan a baranda ya yi mini amfani: a nan na ga wani dattijo da aka fara kawowa a keken guragu ya shigo da ƙafarsa yana dogara sanda, ya ce mini, "Malam, kada ka fasa zuwa."

Kuɗin da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, ga na mota. Da na faɗa musu, sun rage mini yawan zuwa, suka zana mini atisayen gida a takarda. Ban ga alamar suna son riƙe mutum don kuɗi ba.

Inda nake yau: ina shiga banɗaki ni kaɗai da kujerar da muka saya, ina sujada in akwai abin dafawa kusa, ina ɗinkin miƙe, yanka kuwa yarona ke yi don almakashi bai zauna a hannuna ba tukuna. Wanda zai kai nasa, nan ko wani wuri, ya nemi ganin lasisin hukumar MRTB mai yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, ya tafi da takardun asibiti da magungunan da ake sha, ya kuma leƙa banɗakin kafin ya biya.