Kafin Ka Taya Tsohuwar Charger, Chevelle ko Mustang da Ba a Taɓa Sabuntawa Ba

Dodge Charger biyu 'yan 1969 za su iya tsayawa a gareji ɗaya, launi ɗaya, ƙura ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau da dama. Bambancin yana kan ɗan ƙarfen nan da ke bisa dashbod, wanda ake hangowa ta gilashin gaba. In lambar shasi da ke kansa ta fara da XP29 kuma harafi na biyar F ne, motar zuwa kasuwa ce mai inji 318 (girman injin ke nan a inci kubik). In XS29 ce da J, to R/T ce, wato samfurin gudu, da ta fito daga kamfani da inji 426 Hemi mai girman lita 7. Manyan motocin gudun da Amurka ta ƙera daga 1964, shekarar da Pontiac GTO ta fito, zuwa farkon shekarun 1970, duk haka kasuwarsu take. Abu biyu ake biya: shaidar abin da motar take tun ranar da aka ƙera ta, da lafiyar ƙarfen jikinta. Ƙura da labarin mai sayarwa kyauta ne.

Iri uku ne ake kira "ba a taɓa ba"

Ta farko ita ce wadda ta tsira da kayanta. Fentin kamfani na nan ko da ya dusashe, kujeru da kafet na asali, injinta nata ne, kuma tana tashi. Wannan ba a sabunta ta. Wanki, birki, tayoyi, robobin ruwa, shi ke nan. Wanda ya sake mata fenti ya rage mata kuɗi, domin sabon fenti kowa na iya biya a yi masa, na 1970 kuwa in ya tafi ya tafi. Mai kyau daga cikinsu kan kamo farashin wadda aka sabunta, wani lokaci ta wuce.

Ta biyu ita ce wadda aka ajiye shekara talatin ko arba'in a rumfa ko gareji. Kayanta cikakku ne, sai dai ba ta tashi, ɓeraye sun yi gida a kujeru, fetur ya daskare a tanki ya zama kamar ƙaro. A nan aka fi yin asara, saboda ƙura na sa mai saye ya ɗauka ta farkon ce. Yawancinsu ba haka kawai aka ajiye su ba; akwai abin da ya lalace a lokacin, kuma yana nan yana jira.

Ta uku gangar jiki ce: babu inji, ko an sa wani, kaya a kwalaye, wani ya fara aiki ya gaji. Ita ce mafi araha a baki, mafi tsada a ƙarshe, sai fa ga mai walda da fenti da hannunsa. Ƙananan abubuwan da suka ɓata, irin su kafireta mai lambar da ta dace, murfin iska na inji, ƙarafunan ado na gefen gilashi, su ne ke cinye kuɗi, musamman a motocin Dodge da Plymouth.

Akwai motocin da tarihinsu ya fitar da su daga wannan lissafi. Koriyar Mustang 'yar 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim an sayar da ita da tsatsarta a gwanjon Mecum na Kissimmee a Janairun 2020 kan dala miliyan 3.74. Mai sayarwa zai iya kawo maka wannan misali. Kada ka saurara, sunan aka saya.

Wane kamfani ne ya fi sauƙin tantancewa

Lambar shasi ta waɗannan shekaru ba ta kai harafi 17 ba, wannan tsari sai 1981 ya fara. Saboda haka rahotannin tarihin mota irin na Carfax ba su da amfani a nan. Kowane kamfani da hanyarsa.

Ford ta fi sauƙi. Harafi na biyar yana faɗin inji: a Mustang ta 1969, F na nufin 302 na gama-gari, M 351 mai kafireta baki huɗu, Q da R 428 Cobra Jet, G Boss 302, Z kuma Boss 429. Ga motocin 1967 zuwa sama ana sayen Marti Report, wanda aka ciro daga bayanan kamfanin, ya nuna launi, giya, kayan ƙari, ranar ƙira da dilan da aka kai wa. Pontiac ma haka, PHS, mai riƙe da tsofaffin bayanan Pontiac, na ba da kwafin takardar kamfani. GTO daga 1966 zuwa 1971 lambarta na farawa da 242, amma ta 1964 da 1965 ƙari ce a kan LeMans, don haka ba takardar PHS, ba ciniki.

Dodge da Plymouth suna da lamba mai magana, ga kuma ƙaramin faranti a cikin bonet gefen direba da ke ɗauke da lambobin fenti da kayan ƙari. Haruffan inji sun canja a 1970: U ya zama 440, V 440 mai kafireta uku, R kuma Hemi. 'Cuda ta gaske, wato Plymouth Barracuda ta gudu, BS take farawa, Barracuda ta talaka BH. Matsalar farantin nan, sukurori biyu ne kawai suka riƙe shi, kuma ana buga sabo. A gwada shi da lambobin da aka buga a jikin bodi, da takardar haɗa mota da ma'aikata kan cusa a cikin wayoyin kujerar baya. Kada ka fizge ta in ka gani, takarda ce mai shekara hamsin da ɗoriya, tana dagargajewa.

Chevrolet ce mai wuya. Chevelle SS 396 ta 1966 zuwa 1968 tana farawa da 138, babu gardama. Daga 1969 zuwa 1971 kuwa SS ƙari ce, lambar ba ta bambanta ta da Malibu, wato Chevelle ta gama-gari. Shi ya sa Chevelle SS 454 LS6 'yar 1970, mai ƙarfin doki 450, ta zama abin da aka fi kwaikwayo: tambari, bonet da dashbod duk ana sayar da sababbi. Abin da ke tabbatar da ita shi ne takardar haɗawa, wadda kan kasance a kan tankin mai ko cikin kujera, ko ɗan farantin garanti da ake kira Protect-O-Plate, ko inji mai ɗauke da lambar motar. In babu ko ɗaya, taya ta a kuɗin Malibu, ko da mai ita ya rantse da kabarin kakansa.

Inji nata ne?

Daga 1968 ana buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji da akwatin giya. A Chevrolet yana kan ɗan fili a gaban inji gefen fasinja. Goge da ƙyalle da kananzir, ban da sanfefa, don layukan da injin kamfani ya bari a kan ƙarfen su ma shaida ne. Fili mai santsi kamar madubi da haruffa tsaf-tsaf alama ce ta an kankare an sake bugawa. Duba kuma ranar da aka zuba ƙarfen injin: dole ta riga ranar haɗa motar, yawanci da makonni ko 'yan watanni. Injin da aka zuba bayan an gama motar ba nata ba ne.

Yawan ragin da rashin injin asali ke jawowa ya danganta da motar. A 318 ko 302 kusan ba wanda ya damu. A Hemi, LS6 ko Boss 429, inda injin ne dalilin tsadar, ragin babba ne.

Kada a yarda mai sayarwa ya sa batir ya murza makulli. A cire fulogogi, a ɗiga mai a kowace silinda, a bari ya kwana, sannan a juya injin da hannu da dogon sifana ta kusoshin gaba. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, alama ce mai kyau. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara yana nufin ruwa ya shiga. Agogon tafiya kuwa lamba biyar gare shi, yana komawa sifili bayan mil 99,999. Robar feda da kujerar direba sun fi shi gaskiya.

Tsatsa ce ke yanke farashi

Inji ana sake shi a kan kuɗin da za a iya ƙiyastawa. Tsatsa ba ta da iyaka sai an kankare fenti. Motar da ta zauna a Michigan, Ohio ko New York, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, daga ƙasa take ruɓewa. Ta Arizona ko Nevada rana ta gasa dashbod da kujeru, amma ƙarfen lafiya, kuma wannan ciniki ne mai kyau, don kujera araha ce.

Chevelle da GTO suna da shasi daban da bodi, ana iya ɗaga ɗaya daga ɗaya. Duba inda shasin ya lanƙwasa bayan tayar gaba da gaban tayar baya. Charger, 'Cuda da Mustang bodin ne ƙashin bayansu, ruɓewa a nan ta fi tsada. A Charger duba ƙasan but, layukan ƙarfen baya inda sifirin ke kamawa, da gindin gilashin baya, musamman in rufin leda gare ta, don ruwa na kwana a ƙarƙashinsa. A Mustang zuba ruwa ta ramukan iska da ke gaban gilashi, ka leƙa ƙasan dashbod. In ya ɗiga a kafet, ramin ya huje, gyaransa kuma sai an cire gilashi da fuka-fukan gaba. Tafi da tocila, sukudireba na tsokana, da maganaɗisu a naɗe da ƙyalle. Inda bai kama ba, foti ne.

Yadda za ka fitar da tayi

Nemi farashin da aka sayar, ba wanda aka nema ba. Sakamakon gwanjon Mecum, Barrett-Jackson da Bring a Trailer a buɗe yake. Tara aƙalla biyar masu shekara, inji, giya da takardu iri ɗaya daga shekara biyun da suka wuce, ka jefar da mafi tsada da mafi araha. Giyar hannu mai huɗu ta fi otomatik kuɗi, mai buɗaɗɗen rufi ta fi mai rufi. Jadawalin farashin tsofaffin motoci na kamfanin Hagerty ya kasa lafiyar mota mataki 1 zuwa 4, amma ko na 4 mota ce mai tafiya. Wadda ba ta tashi tana ƙasa da shi.

Ga wadda ta tsira, wannan kwatancen ya isa. Ga ta biyu da ta uku, daga sama ake saukowa. A ɗauka, don misali kawai, gyararriya irinta na tashi dala 70,000. Mai walda da fenti ya ce awa 400 a kan dala 100, wato 40,000. Inji, giya da birki 15,000, cikin mota da ƙarafunan ado 8,000. An kai 63,000 tun kafin a ƙara kason abin da zai ɓullo bayan an kankare, wanda ba ya kasa ɓullowa. Saura 7,000, mai motar kuwa 25,000 yake nema. Awannin aiki kusan ɗaya ne ko 318 ce ko Hemi, shi ya sa gyaran gaba ɗaya ba ya biyan kuɗin sabulu sai a motocin da ba su da yawa. Ga ta gama-gari, sayen wadda wani ya riga ya gyara ya fi sauƙi.

Ƙara la'adar gwanjo, wadda a manyan gidaje kan kai kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin tirela. Sannan takardar mallaka: lambar da ke cikinta ta yi daidai da ta dashbod harafi da harafi, ƙusoshin farantin kuma kada su nuna an taɓa su. Mai niyyar fitar da motar daga Amurka sai ya miƙa wa kwastan ɗinsu takardar awa 72 kafin lodi, mai nufin kawo ta Najeriya kuma ya fara tambayar wakilinsa na tashar jirgin ruwa, domin doka ta ƙayyade shekarun motar da ake shigowa da ita, waɗannan kuma duk sun haura hamsin.