Gadon da aka bari a Amurka da gadon da aka bari a gida: me ya sa takardun haraji ke tsayar da rabo?

Assalamu alaikum Malam. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya kyautata makwancinsa, Ya ba Hajiya mahaifiyarku da ku baki ɗaya haƙurin rashinsa. Abin da ka kawo zauren nan shi ne cewa yayanka ya rasu a Amurka a watan Maris ɗin bara, ya bar mata da 'ya'ya maza da mata, ya kuma bar wasiyya a rubuce cewa a raba dukiyarsa bisa Shari'a, wanda ke nufin mahaifiyarku tana da sudusi. An haura shekara ba a turo wa tsohuwa ko kwabo ba, kullum matar tana cewa takardun haraji ne suka riƙe ta, ta aika ta gidan waya tana jiran amsa, alhali lokacin da mahaifinku ya rasu a ƙauyenku na ƙasar Ringim, ana gama sadakar arba'in aka raba gonaki da shanu, kowa ya san nasa. Kana so ka san ko gaskiya take faɗa ko kuwa ja muku rai ake yi.

Abin da take faɗa ya yi daidai da yadda tsarin can yake tafiya, kuma shekara ɗaya ba ta yi yawa ba a irin wannan aiki. Bambancin ya samo asali ne daga tambayar da hukuma ke yi a kowace ƙasa idan mutum ya rasu. A nan gida ana tambaya ne su wane ne magada kuma nawa ne rabon kowa. A can ana fara tambaya ne ko mamacin yana da sauran bashin gwamnati a kansa, kuma wa zai ɗauki alhakin biyansa.

A rabon mahaifinku duk abin da ake buƙata yana cikin ƙauyen. Mai unguwa da dagaci sun san iyakar kowace gona, maƙwabta sun san yawan shanun da hatsin da ke rumbu, liman ko wani malami masanin gado ya fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan ya raba sauran kamar yadda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka tsara. Idan an samu saɓani sai a je gaban alƙali. Babu jami'in haraji a zaman, domin Nijeriya ba ta karɓar harajin gado a matakin tarayya. An taɓa kafa irinsa a 1979, aka soke shi a 1996. Dattawanmu sun san ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, da kotunan alƙalai suke cira daga dukiyar mamaci a zamanin En'e, sun kuma san haraji da jangalin da Abubakar Rimi ya soke bayan ya hau gwamnan tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Jigawa tana cikinta. Amma shi wancan harajin a kan rayayye yake, mutum na rasuwa ake cire sunansa. Shi ya sa maganar cewa mamaci yana da takardar harajin da za a cike masa take yi wa kunnenmu baƙunta.

A Amurka duk mai samun kuɗin da ya kai adadin da doka ta ƙayyade yana cike takardar harajinsa sau ɗaya a shekara, wato fom 1040, ya miƙa wa hukumar haraji ta ƙasar da ake kira IRS, kuma wa'adin shi ne 15 ga Afrilu na shekarar da ta biyo baya. Mutuwa ba ta ɗauke wannan nauyi ba. Abin da yayanka ya samu daga 1 ga Janairu zuwa ranar da ya cika sai an yi masa lissafinsa na ƙarshe. A nan jinkirin farko yake, kuma babu laifin kowa a ciki: hukumar ba ta fara karɓar takardun shekara sai wajen ƙarshen Janairun shekara mai zuwa, wuraren aiki ma suna da har 31 ga Janairu kafin su aiko da takardar albashin shekara. Ke nan wanda ya rasu a Maris sai an jira kusan wata 10 kafin a iya ko miƙa takardarsa ta ƙarshe, komai gaggawar iyalinsa.

Bayan wannan akwai takarda ta biyu, wadda ita ce ta shafi Hajiya kai tsaye. Daga ranar rasuwa doka tana kallon dukiyar da aka bari a matsayin mai biyan haraji mai zaman kansa. Sai an nema mata lambar haraji tata, wadda ake kira EIN, ta hanyar fom SS-4, sai mai kula da dukiyar, wato matar yayanka, ta sanar da hukumar cewa ita ce ke da alhaki, ta hanyar fom 56, kuma kafin wannan duka sai kotun gado ta yankin da suke zaune ta ba ta takardar izini. Duk abin da dukiyar ta haifar bayan rasuwa, kamar kuɗin hayar gida ko ribar hannun jari, ana bayyana shi a fom 1041. Ƙa'idar ita ce a cike shi idan kuɗin da ya shigo ya kai dala 600 a shekara, amma akwai sharaɗi na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: idan cikin masu cin gadon akwai wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazaunin Amurka ba, dole ne a cike fom ɗin ko da abin da ya shigo bai kai haka ba. Wato kasancewar mahaifiyarku a Ringim shi da kansa ya ƙara wa matar yayanka takarda. Sau da yawa ma akan nemi tsohuwa ta samu lambar harajin baƙi, ITIN, ta fom W-7, wanda ake haɗawa da fasfo na asali ko kwafin da hukumar da ta bayar da shi ta tabbatar, a aika birnin Austin na Jihar Texas, a jira mako 7, ko 9 zuwa 11 idan daga ƙasar waje aka aika. Idan Hajiya ba ta da fasfo, ko wanda ta yi aikin Hajji da shi ya ƙare, to wannan aikin a hannunku yake, ba a hannun matar ba, kuma gara ka tambaye ta tun yanzu ko za a buƙace shi.

Kada kuma wani ya tsorata ku cewa gwamnatin can za ta kwashe rabin dukiyar. Harajin gado na tarayya, ga ɗan ƙasa ko wanda ya mai da Amurka gidansa, ba ya hawa sai dukiyar ta haura dala miliyan 13.61 ga wanda ya rasu a 2024, ko miliyan 13.99 ga wanda ya rasu a 2025, duk da cewa wasu jihohin suna da nasu harajin daban. Ainihin sudusin Hajiya ba a ɗauke shi a matsayin kuɗin shiga ba. Abin da za a iya yanka shi ne kashi 30 cikin ɗari na ribar da rabonta ya haifar bayan rasuwa, kamar ta haya ko ta hannun jari, domin babu yarjejeniyar rage harajin kuɗin shiga tsakanin Nijeriya da Amurka.

Maganar gidan waya kuwa ita ce ta fi cin rai, kuma ina tausaya wa wannan baiwar Allah a kanta. Mai rai yakan miƙa takardarsa ta intanet, idan akwai rarar kuɗinsa yawanci a mayar masa cikin kwana 21. Ta mamaci ma ana iya miƙa ta haka, amma sau da yawa akan koma takarda, ko dai saboda sai an haɗa da shaidar kotu, ko kuma saboda an rufe lambar shaidar da mamacin yake biyan haraji da ita bayan an sanar da rasuwarsa har kwamfuta ta ƙi karɓa. Idan aka koma takarda, sai a rubuta a samanta cewa mai ita ya rasu tare da sunansa da ranar rasuwa, a sa hannu, a nemo adireshin da ya dace. Adireshin ya danganta da jihar da mutum yake da kuma ko ya haɗa da kuɗi a cikin ambulan ko bai haɗa ba. Fom 1041 yana tafiya ne birnin Kansas City ko birnin Ogden, kuma a ambulan daban da na fom 1040. Idan ta bi ta kamfanoni irin su DHL ko FedEx ko UPS, wasu nau'o'in aikensu kaɗai hukumar ta amince da su, kuma ba sa kai saƙo akwatin gidan waya, sai ta sake neman adireshin titi. Doka ta ce ranar da gidan waya ya buga hatimi ita ce ranar miƙawa, shi ya sa masu hankali suke biyan kuɗin rajista su adana rasit, domin hukumar ba ta aiko da wasiƙar cewa saƙo ya iso. Daga nan sai jira: mako 6 ko fiye a lokacin da komai yake daidai, ga shi kuma bayan annobar korona miliyoyin takardu sun taru ba a buɗe su ba, wasu suka yi wata da watanni. Idan aka manta sa hannu ɗaya ko shafi ɗaya, da wasiƙa za a sanar da ita, da wasiƙa za ta amsa, lissafin makonni ya koma farko. Duk wannan tana yinsa ne tana takaba ko ta fito ba da daɗewa ba, ga marayu a gabanta, a ƙasar da babu ƙanen miji ko kawu da zai karɓe mata zirga-zirgar.

Mu ma a nan ba mu tsira daga takarda ba, sai dai gona da saniya ba sa neman ta. Da mahaifinku ya bar kuɗi a banki ko ma'aikaci ne mai asusun fansho, da kun ɗanɗana. Sai an samo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan ko dai kotun Shari'a ta rubuta wa banki, ko kuma a tafi sashen dukiyar mamata na Babbar Kotun Jiha a Dutse a nemi takardar izinin kula da dukiya, inda akan nemi masu tsaya wa mutum, a buga sanarwa a jarida a jira ko wani zai yi ƙorafi, a kuma biya wani kaso na ƙimar dukiyar wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Idan sunan marigayi a BVN ya saɓa da na NIN ko da harafi ɗaya ne, sai an yi takardar rantsuwa. Wahalarmu ta ƙafa ce da kuɗin mota da zaman benci, amma kana ganin magatakarda ido da ido, kana iya tafiya da dattijo ya yi maka magana. Tata wahalar ta ambulan ce da jiran wayar da ba a ɗauka da wuri, kuma babu wanda za ta je ta gaisar a duba mata fayil.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za ta iya cewa bari in tura wa Hajiya nata tukuna a ƙarasa sauran daga baya ba. Dokar tarayyar Amurka ta ce mai kula da dukiyar mamaci, idan ya raba ta alhali ya san akwai bashin gwamnati, har abin da ya rage ya kasa biya, to daga aljihunsa za a karɓa. Hukumar tana da shekara 3 ta sake duba takardar da aka miƙa, sai dai idan an roƙi a taƙaita zuwa wata 18 ta fom 4810, akwai kuma fom 5495 na neman a sauke wa mai kula da dukiyar alhakin kansa, wanda shi ma yana ɗaukar har wata 9. Saboda haka lauyoyi sukan ba da shawarar a riƙe wani abu har ƙura ta lafa. Ni a ganina wannan bai yi nisa da abin da muka sani ba, domin a Shari'a ma ba a raba gado sai an biya bashi, kuma ba ma son a kwantar da namu da nauyin wani a wuyansa. Abin da ya kamata ku gode wa Allah a kai shi ne wasiyyar da yayanka ya rubuta. Da bai rubuta ba, dokar jihar da yake zaune ce za ta yi rabon, kuma a yawancin jihohin can idan akwai mata da 'ya'ya uwa ba ta samun komai.

Haƙuri bai hana tambaya ba, kuma tambaya ba zargi ba ce idan an yi ta da ladabi. Ka kira ta, ka fara da gaisuwa da tambayar yara, sannan ka roƙi ta turo maka hoton takardar izinin da kotu ta ba ta, da jerin dukiyar da aka miƙa wa kotu, da rasit ɗin gidan waya mai ɗauke da ranar aikawa, da sunan lauya ko akawun da ke taimaka mata. Wadda take aikin da gaske tana da waɗannan a ajiye, ba za su yi mata wuyar turowa ba. Hajiya a matsayinta na mai rabo a wasiyya tana da haƙƙin a sanar da ita halin da ake ciki, kuma fayil ɗin kotun gado a mafi yawan wurare a buɗe yake ga wanda ya nema, don haka ko wani ɗan gari da ke zaune a can zai iya duba muku. Ka kuma tambaye ta ko lauyan zai yarda a ba tsohuwa wani ɓangare na rabonta yanzu a riƙe sauran, domin ana yin haka idan dukiyar ta fi ƙarfin bashin da ake tsammani. Kafin amsarta ta zo, ka kai Hajiya ofishin shige da fice a Dutse a sabunta mata fasfo, ka tabbatar sunanta iri ɗaya ne a fasfo da NIN da asusun bankin da za a turo kuɗin, ka kuma tura wa matar yadda aka rubuta shi domin a gwada da wanda ke cikin wasiyyar.