Teburin Mata a Caji Ofis: Amfaninsa da Rauninsa

Teburin mata da yara na caji ofis, wato sashen da ke karɓar ƙorafin cin zarafinsu, yana aiki sosai idan ƙwararriyar 'yar sanda ce a kai. Wadda aka yi wa fyaɗe ta fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta. A nemi 'yar sandar ta ɗauki bayani a keɓe, a karɓi takardar asibiti, a je asibitin kafin a cika awa 72 da faruwar abin, domin maganin kariya daga HIV ba ya amfani bayan nan. Kada a yi wanka ko wanke tufafin kafin a je asibitin.

Rauninsa dare ne. Sau da yawa jami'a ɗaya ce. In ta tashi aiki, sai ba da bayani ga maza a bainar jama'a. Tun 1955 Najeriya ke ɗaukar mata aikin 'yan sanda, amma har yau sun yi kaɗan.